Na warware suwaitar, na koma kan ƙyallen gwaji

'Yan uwana masu koyon saƙa, ina gajiya, yaya sanyi? Asabar ɗin da ta wuce muka yi zamanmu na tara a tsakar gidan Hajiya a Gwammaja, bayan la'asar kamar kullum, kuma ranar ce na warware suwaitar da na kwashe mako uku ina fama da ita. Ɗan ƙanwata na saƙa wa, sai ga riga ta fito kamar ta ubansa.

Laifina ne, ba na zare ba. Takardar da ke jikin ƙullin zaren ta ce da allura mai milimita 4, ido 22 ne ke cika santimita 10 (ido shi ne kowane madaukin zare da ke kan allura). Na yarda da takarda, na ɗora ido 110 ina jiran faɗin santimita 50. Ashe hannuna sako-sako ne, ido 19 nake samu. Ku buga lissafin: kusan santimita 58 ke nan. Hajiya ta ɗaga rigar sama, ta juya ta, ta ce, "'Yar nan, takarda ce ta saƙa ko ke?" Aka yi ta dariya, har da ni, amma a zuci abin ya ci ni.

To yanzu kowane sabon zare sai na fara yi masa ƙyallen gwaji, ɗan murabba'i da ya ɗan fi tafin hannu. In wanke shi, in shimfiɗa a inuwa ya bushe, sannan in ɗora tef a tsakiyarsa in ƙirga. Ban da baki-baki, can idanun ba sa zama daidai. Wankin nan kada ku tsallake shi. Zaren audugar da na sayo a Sabon Gari ya saki jiki bayan ya sha ruwa, na akirilik kuwa, wato zaren roba, ko gezau.

Da yake kowa ta zo da guntayen zarenta, mun yi gwajin wuta don gane irin zaren. A tsinko ɗan zare a kai shi bakin ashana. Ulu na gaske ƙaurin gashi yake yi, ya bar baƙin abu da ke murmushewa a yatsa. Auduga kamar takarda take ci, ta bar toka mai laushi. Akirilik narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Cikin guda bakwai da masu su ke kira "ulu", ɗaya tak ya yi ƙaurin gashi. Ni dai ban ga aibin akirilik ga kayan jarirai ba, uwa za ta wanke shi kullum bai tsuke ba. Sai dai mai sha'awar shuɗin marinar Ƙofar Mata ta nemi auduga, don baba ba ya kama akirilik yadda ake so.

Abin da ya faranta mini rai shi ne na tsara hula da kaina, ba kwaikwayo ba. Kan sabon jariri wajen santimita 35 ne, amma hula sai ta ɗan kama, don haka na nufi 32. Na koma allura mai milimita 3.5, gwajina ya ba ni ido 22 a santimita 10. Lissafi ya ce 70, na ɗora 72, saboda bakin hular biyu-biyu nake yi, ido biyu gaba ido biyu baya, dole huɗu ta raba adadin, kuma a ƙoƙon kai zan kasa shi gida takwas, tara-tara, ina ragewa. Duk na rubuta a tsohon littafin lissafin ɗana, layi bayan layi.

Hular tana kan allura, saura ragin. Mai zuwa Asabar in Allah ya kai mu ta taho da tef da fensir, kuma wadda ta ari almakashina mai jan hannu ta taho da shi.