Ajin da kowa ke da allonsa

Shekara biyu ke nan da shugabar makarantarmu, wata firamare mai zaman kanta a nan Jos, ta kira ni ofis. Ta ce, "Malama, yaran nan masu gama aiki kafin a ce kwabo, sannan su koma surutu, ki haɗa mini su a aji ɗaya." Aka zaɓo yara 14 daga aji 3, 4 da 5, ƙaramarsu shekara 8, babbansu 11, aka ba ni su tare da ɗakin da a da ake ajiye littattafai.

Na karɓa da murna, domin na daɗe ina jin tausayin irin waɗannan yara. Gwamnatin tarayya tana da makarantar masu hazaƙa a Suleja, wadda aka buɗe a 1990, kuma hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Amma wannan sakandare ce. Kafin yaro ya kai can, yana zaune ne a inda shekarunsa suka ajiye shi, ana maimaita masa abin da ya gane tun ranar farko har ya fara tsanar zuwa makaranta.

Zangon farko ban ji da daɗi ba. Na riƙa shirya darasi ɗaya daidai da manhajar aji 4, ina ganin tsakiya ce, za ta ɗauki kowa. Ba ta ɗauki kowa ba. Sai na koma sa manya su koya wa ƙanana, na ga aji ya yi tsit, na ɗauka na samo bakin zaren. Ranar ganawa da iyaye mahaifin wani yaro ya ce mini cikin natsuwa, "Malama, ni fa na kawo shi ya koya ne, ga shi kullum koyarwa yake yi." Gaskiyarsa ce. Yaron ya yi wata biyu bai haɗu da tambayar da ta ba shi wuya ba.

Mafita daga makarantar allon unguwarmu ta zo mini. Wata yamma na je ɗauko ɗana, na tsaya ina kallo. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, ga wani can ya wuce izu goma, duk a kan tabarma ɗaya. Malam yana biya wa kowa nasa, ba wanda zai wanke allo sai ya riƙe karatunsa, kuma ba wanda ke jiran wani. Na karanta yadda makarantun Montessori, masu bin wani tsarin koyar da yara da ya samo asali daga Italiya, ke haɗa 'yan shekara 6 zuwa 9 da 'yan 9 zuwa 12, amma sai a ranar na ga abin da idona, a tsarin da ni ma na taso cikinsa.

Na yi wa kowa katinsa. A lissafi da karatun Turanci yaro yana tafiya da saurinsa, ya zo gabana ya biya, in ya riƙe in ba shi na gaba. Kimiyya da tattaunawa kuwa tare muke yi, tambaya ɗaya, zurfin amsa ya bambanta. Aikin ya ninku a kaina, ba zan ɓoye ba, kuma dole na riƙa duba manhajar kowane aji don kada wani ya tsallake abin da za a tambaye shi a jarrabawar shiga sakandare.

Ƙaramar yarinyar nan ce ta koya mini abin da ya fi tsaya mini a rai. Wata safiya ta hunturu, sanyin Jos ya sa kowa cikin suwaita, na zube dankalin turawa 12 a tebur na ce wa zai gaya mini bambancin sulusinsu da rubu'insu. Kafin manyan su gama ƙirge ta ce, "Ɗaya ne, Malama." Ƙafafunta ko ƙasa ba sa taɓawa daga kan benci. Bayan minti ashirin kuma na same ta tana kuka, don hannunta ya ƙi rubuta jimloli da saurin 'yan aji 5. Kanta ya yi nisa, yatsunta na 'yar shekara 8 ne. Daga ranar na rage mata rubutu, nake karɓar wasu amsoshin da baki, kuma lokacin tara na bar ta ta koma wasan gala-gala da sa'o'inta.

Babban yaron ma ya sha nasa. Bai taɓa ganin wanda ya riga shi amsa ba, balle sa'ar ƙanwar bayansa. Ya daina ɗaga hannu kusan mako uku. Ban yi masa faɗa ba, na dai ajiye masa wata tambaya mai wuya a katinsa na ce ba ni buƙatar amsa yau. Kwana huɗu yana fama da ita. Ranar Juma'a ya kawo mini takardar duk ta sha goge-goge, ya ce, "Malama, akwai wata irinta?"