Ranar da aka buɗe ɗakin Inna

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau aka yi sadakar arba'in ɗin Inna, kakata ta wajen uba. Tun asuba hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, matan baffannina suna suyar waina, 'yan mata suna dakan gumba. Kafin hantsi malamai sun taru a ƙofar gida, an sauke Alƙur'ani, an raba goro da dabino. Wani ɗan Baffa da ya yi karatu a Kano ya so ya tayar da zancen cewa arba'in ba ta da asali. Baba ya ce masa in ba zai ci waina ba ya bar wa masu ci, magana ta mutu.

Masu zuwa gaisuwa ba su yanke ba. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah ya jiƙanta, ya kyauta namu zuwan." Wani dattijo yana ta rantsuwa wai ta kai shekara 110. A ƙauye duk tsohon da ya rasu sai an ba shi ɗari da ɗoriya. Lissafin da na yarda da shi na bakinta ne: ta ce Baba yana bayanta a goye shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Najeriya, wato 1956, kuma shi ne ɗanta na fari. In aka duba shekarun da ake aurar da 'yan mata a lokacin, ta haura 85, ba ta kai 90 ba. Wannan ma ai ba ƙaramin daɗewa ba ne ga matar da ta ga zamanin agana, ta binne 'ya'ya uku saboda ƙyanda, ta yi damina guda a zaune da kurkunu a ƙafa.

Bayan azahar aka buɗe ɗakinta, don malamin da zai raba gado ya ce a fara sanin abin da ke nan. Ni da Goggo muka shiga muna miƙo kaya. Gadon ƙarfe mai rumfa da aka kawo ta da shi. Jeren kwalla da samira, rabinsu duk sun yi tsatsa a gindi. Zannuwan saƙi guda biyu, carbi, buta, ƙwarya da ta fashe ta ɗinke abarta. Taskirar kaɗi da mazari da alli, ko da yake rabon ta da kaɗi tun ina 'yar firamare. Likkafani kuwa tun da daɗewa ta saya ta ajiye, shi aka sa mata. A ƙarƙashin gado muka jawo wani gwangwani, kowa ya miƙo wuya. Kwabo mai huji ne a ciki, da 'yan sulalla, da tsofaffin takardun naira a nannaɗe cikin tsumma, waɗanda ba sa sayen ko ashana. Kuɗin da ke aiki da muka samu a bakin zaninta bai isa kuɗin motar mutum ɗaya zuwa Kano ba. Na ga fuskar matar Baffa ta sauya, don an daɗe ana raɗe-raɗin tsohuwar nan tana da ajiya.

Ashe ajiyar ba a ɗaki take ba. Da malam ya ɗaga murya ta bayan danga ya ce, "Akwai wanda yake bin mamaciya bashi, ko wanda take bi?" sai aka yi ɗan shiru. Can wata tsohuwa daga unguwar gabas ta gyara zama ta ce, "Akwai akuyar Inna a wurina, ja, da 'ya'yanta biyu. Ɗaya nawa ne, ɗaya nata." Wata ta ce tata tunkiya ce, tana da ciki. Wata ta ce nata bashi ne, mudu huɗu na gero tun bazara. Haka suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, har da matar da ta tako daga wani ƙauye na bakin iyaka, ta ce ta ji labarin rasuwar a kasuwa, ba za ta iya kwana da haƙƙin mamaci ba. Ni aka ba biro da takarda. Da muka gama na ƙirga awaki 23 da tumaki 6 a gidaje daban-daban, ban da hatsi. Babu rubutu ko ɗaya. Duk a kanta take riƙe da su, kuma da matan nan sun yi gum, babu mai iya tuhumarsu.

Ƙa'idar kiwonta kowa ya san ta. Ta ba mace akuya, macen ta ci da ita ta shayar da ita. In ta haihu biyu a raba, in ɗaya ce haihuwar fari ta mai kiwo ce, ta gaba ta Inna. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, saboda haka matar da ba ta da ko kaza, cikin shekara biyu sai ka ga ta ɗaure nata a turke. Kuma ba kowa take ba ba. Zawarawa take nema, da matan da mazajensu suka tafi cirani suka yi shiru. In akuya ta mutu ba da sakaci ba, sai ta ce a nuna mata fata, shi ke nan. In kuwa ta gano sakaci ne, duk unguwa sai ta ji.

Dalilin da ya sa ta daina yarda da kuɗin takarda yana cikin gwangwanin nan. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta sauya launin naira, aka rufe iyakoki, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin kuɗi banki. Mace a ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, wadda ba ta taɓa taka ƙofar banki ba, ina za ta kai? Ta ba wani ya canzo mata wani kaso, ya dawo da abin da ya ga dama. Sauran suka mutu a hannunta, kuɗin man gyaɗa na shekaru. Ba ta zubar da su ba, ta nannaɗe ta ajiye. Tun daga ranar, duk abin da ya shigo hannunta sai ta mai da shi abu mai ƙafa huɗu. Da aka sake canjin kuɗi a farkon 2023, muna ta layi a Kano ba mu samun ko na cefane, na kira ta a wayar Baffa ina ƙorafi. Dariya ta yi ta ce, "Kishiya, ai mutumin ne dai ya dawo. Ni akuyata ba a sauya mata launi."

Kishiya take ce mini, yayyena maza kuwa duk mazajenta ne, kullum tana ƙarar su wai ba su kawo kuɗin cefane ba.

Asalin jarinta gyaɗa ce. Zamanin da ake jera dalar gyaɗa a Kano, kakanmu yana noma ta a gandu, a ɗora wa jakuna zuwa tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, kan layin da ya tashi daga Kano zuwa Nguru. Ita kuma tana da 'yar gayaunarta, tana kuma bin gona bayan an cire tana kala. Ta soya, ta daka, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, yara su kai talla. Sai farin 1973 ya zo, aka ci tafasa da duk ganyen da ciki zai ɗauka. Ana cewa an fara farfaɗowa, a 1975 ƙwaron darɓa ya kawo cutar da ta kwantar da gyaɗa a Arewa gaba ɗaya. Daga nan gyaɗar ƙasarmu ba ta koma yadda take ba, maza suka karkata ga gero da wake, daga baya riɗi da zoɓo. Inna ba ta bar sana'a ba. Sai ta riƙa aika a auno mata gyaɗa a kasuwa, ta haɗa da daddawa, wadda aikinta ya fi wahala: a dafa kalwa yini da kwana, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwanaki har ta yi. Warin ɗakin daddawarta har yau ina jinsa a hancina. Idan muka yi ƙorafin yunwa don tuwo ya makara, sai ta ce ba mu san yunwa ba, mahaifiyarta ta ba ta labarin Kakalaba, ta 1914, lokacin da mutane suke tona gidan tururuwa don neman tsaba.

Abin da ya fi taɓa ni yau shi ne maganar 'ya'yan marigayi Baffa ƙarami. Sanƙarau na 1996 ne ya ɗauke shi, ya bar yara huɗu, uwarsu ta yi aure a wani gari. Inna ce ta riƙe su, tana da shekara kusan sittin ta koma wanka da wanki da kai yara allo. A shari'a, jikan da ubansa ya riga kaka rasuwa ba ya gado matuƙar akwai 'ya'ya maza a raye. Inna ba ta yi karatu mai zurfi ba, iyakarta surorin sallah, amma wannan hukuncin ta san shi sarai. Shi ya sa tun tana da ƙarfinta ta kira liman da mai unguwa, ta nuna wa kowane yaro dabbarsa, ta damƙa masa igiya a hannu a gabansu. Yau da aka zo lissafi, liman da kansa ya ce awaki kaza da ke gida kaza ba sa cikin gado, kyauta ce da aka riga aka karɓa. Babu wanda ya iya cewa uffan.

Ba zan mai da ita waliyyiya ba don ta mutu. Tana da kaifin baki, surukanta sun sha shi. Da aka fara karatun firamare kyauta a 1976, ana bi gida-gida ana rubuta yara, a cikin rumbu ta ɓoye Goggo, kuma har yau Goggo ba ta iya karanta lambar waya, abin yana cinta. Ita ce kuma, shekaru bayan haka, ta sayar da rago ta biya mini kuɗin jarrabawa, ba ta taɓa cewa ta sauya ra'ayi ba. Wankan jego kuwa ba ta sassauta wa kowa. Ruwa yana tafasa, ganyen runhu, safe da yamma, ga kunun kanwa a cika ƙwarya. Da Umma ta haifi ƙanina ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce a dakatar da kanwa da ruwan zafin nan don suna wahalar da zuciya. Inna ta ce ita da ta haifi tara da wankan nan wa zai koya mata. Sai da Baba ya ɗauke Umma ya mai da ita Kano, aka yi wata da watanni ba a ga maciji. A wannan dai likita ne da gaskiya.

Tsakaninta da Baba kuwa, wanda bai san al'ada ba sai ya ɗauka ba ta son sa. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko mai irin sunan ba ta kira. "Wancan" take cewa, ko "uban su kishiya". In ya zo gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofa, ita tana kallon bango tana amsawa a taƙaice. Ko da ya yi haɗarin mota aka kwantar da shi, ba ta je dubiya ba, ba ta kuma tambayi kowa jikinsa a fili ba. Yau ne Goggo take gaya mana cewa a makon nan Inna ba ta sa tuwo a bakinta ba, kuma tumaki biyu da aka ce wai Baffa ne ya sayar aka biya kuɗin asibiti, nata ne, ta hana a faɗa. Baba yana zaune a kan tabarma aka yi maganar. Mutum mai shekara kusan saba'in, sai ya tashi ya ce zai je ya duba masu alwala.

Da la'asar aka koma kan abin da za a yi da dabbobin. Baffa yana so a tattaro su a kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a sayar a raba kuɗi, namiji kaso biyu mace kaso ɗaya, kowa ya huta. Yana da hujja, don magada suna da yawa, kuma akuya ba ta rabuwa gida bakwai. Baba ya ce a yi musu kuɗi a inda suke, shi zai karɓi nasa kason a dabbobi ya bar su a hannun masu kiwo bisa ƙa'idar da suka saba. Goggo ta bi bayansa. Baffa ya ce to wa zai riƙa zagayawa yana duba su, tunda Baba yana Kano, ita kuma Goggo ƙafa ta hana ta? Nan aka tsaya, don tambayar gaskiya ce. Malam ya ce a bari sai an kira dillali ya yi wa kowace kima, a sake zama bayan sallar Juma'a.

Ni ba ni da gado tunda Baba yana raye, amma takardar lissafin tana hannuna, an ce in kwafe ta gida uku kafin in tafi. Akwai gida biyu da na rubuta sunan mai kiwo ban rubuta ko akuya ce ko bunsuru ba, sai na leƙa su da sassafe. Motar Gujungu ƙarfe tara take tashi, gobe kuma Lahadi ranar kasuwarsu, in na makara ba zan sami wuri ba.