Gidan da banki ya sa a gwanjo: abin da dillali ba zai gaya maka ba

Jama'a assalamu alaikum. Kwanan nan maganar gidajen da banki ke sa wa a kasuwa ta yi yawa a bakin dillalai nan Sakkwato, sai ka ji an ce ga gida can Arkilla ko Gwiwa ko wajen Bado, mai shi ya ci bashi ya kasa biya banki ya karɓe, ana neman mai kuɗi a hannu kuma farashin bai kai na kasuwa ba. To wani lokaci arhar gaskiya ce, don shi banki ba gida yake so ba, kuɗinsa yake son ya maido ya rufe fayil. Amma ka sani banki bai taɓa kwana cikin gidan nan ba ko dare guda. Bai san inda ke yoyo ba, bai san wa ke da rigima a kai ba, takarda kawai ke hannunsa, kuma a yarjejeniya za su rubuta ka saya a yadda ka gan shi, in ka biya sannan ka gano tsiya babu mai maido maka ko sisi.

Ni a ganina takarda ake fara dubawa ba bango ba. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 duk ƙasar jiha tana hannun gwamna, abin da kake da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, shi ne C of O ɗin da kowa ke faɗi. Kuma dokar ta ce ko jingina ko sayarwa sai da sa hannun gwamna. To nan ne ake samun matsala, don akwai jinginar da anka yi ta yadda ya kamata, anka yi mata rajista a ma'aikatar filaye, wannan banki na da ikon sayarwa in an kasa biya. Akwai kuma wadda mutum kawai ya kai satifiket ɗinsa ya ajiye musu sunka ba shi kuɗi, irin wagga sai banki ya je kotu ya samo umarni kafin ya sayar. Kai da ba lauya ba ba za ka gane bambancin ba ta kallon takarda, shi ya sa nike cewa ka ɗauki lauyanka na kanka, ba na banki ba kuma ba wanda dillali ya kawo ba, ya je ma'aikatar filaye ya buɗe fayil ya ga sunan wa ke ciki, akwai wani bashi na biyu a kai ko babu, ana bin kuɗin ƙasa na shekara nawa. Ya kuma leƙa kotu, don in mai gidan ya riga ya kai ƙara yana ƙalubalantar gwanjon, kai da ka saya cikin shari'a duk hukuncin da ya fito kanka zai faɗa. Ka kuma tabbatar wa ke sayarwa, bankin ne da kansa, ko AMCON ce da anka kafa a 2010 don sayen basussukan da sunka gagari bankuna, ko NDIC, hukumar inshorar kuɗin da mutane ke ajiyewa a banki, in bankin ya rushe. Kuɗi kuma asusun hukumar za su shiga ba na wani ma'aikaci ba komi kirkinsa.

Sai maganar da ta fi ba ni tsoro a garin nan, gado. Sau da yawa gida na uba ne ya rasu ba a raba ba, babban wa ya ɗauki takarda da sunan zai juya kuɗi ya kai banki, ƙannensa mata suna gidajen mazansu ba su ma san an yi ba, uwa tana ciki tana zamanta. Ranar da ka zo da makulli ranar za su ji, kuma wallahi za ka sha zaryar kotu har takalminka ya cinye. Wannan ba ka ganinsa a fayil. Wurin mai unguwa za ka ji shi, ko wurin limamin masallacin layin, ko ka zauna teburin mai shayi na bakin titi bayan isha'i ka yi tambaya a hankali kamar ba kai ke so ba. Maƙwabta sun san tarihin gidan tun daga tubalin farko, sun san ko an taɓa rigimar iyaka, sun san ko ruwa na shiga. In kuma akwai 'yan haya ciki ka tambayi yaushe kuɗinsu ke ƙarewa, mai biyan shekara-shekara sai ka ba shi notis na wata 6, ba korar kare ake yi ba. Wasu kuma zuciyarsu ba ta kwanta da sayen abin da anka ƙwace kan bashi mai kuɗin ruwa, wannan kam ka je ka tambayi malaminka tun kafin ka yi nisa.

Yanzu ginin kansa. Mutumin da ya kasa biyan banki ai ya daɗe da daina gyaran gida, kuma wasu in za su fita da haushi suke fita, a cire wayoyi daga bango a kwance famfo da ƙyamare har mita. Kada ka je kai kaɗai ka kalli fenti, fenti ba ya faɗin gaskiya. Tafi da birkila wanda ka yarda da shi da kafinta da mai wayarin, in gidan bene ne ka ƙara da injiniya. Kafinta ya hau cikin silin da tocila ya ƙwanƙwasa katako, don gara tana cinye shi daga ciki ta bar maka ɓawo, ya duba kwano ko iskar farkon damina ta ɗaga shi. Birkila ya bi tsagewar bango, ƙaramar tsagar filasta da zafin Afrilu ke kawowa ba komi ba ce, amma wadda ta taso daga ƙasa a karkace ta nufi kusurwar taga har kana iya sa yatsa, wannan daga tushe take kuma gyaranta ba buhun siminti biyu ba ne. Ku duba gindin bango ko ya yi fari-fari yana zubar da gishiri, alamar danshi ke nan. Ku buɗe sokawe ku gani ko ya cika ko ya rufta.

In da hali ka ga gidan da damina, cikin Agusta, bayan an sheƙa ruwa. Duk ɗan Sakkwato ya san yadda wasu layukan Mabera ke zama in an yi ruwa mai ƙarfi, kuma waɗanda sunka ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a ba sai an yi musu bayanin gina gida kusa da fadama ba. In da rani anka sa gwanjon ba za ka iya jira ba, to duba tsawon dakalin ƙofofin maƙwabta, in ka ga kowa ya ɗaga nasa ya yi tudu ka san dalili.

Kar ka manta da bashin wuta, lambar mita ko tsohon bil ka kai ofishin Kaduna Electric su duba, haka na hukumar ruwa, don in ka shiga kai za su riƙa yi wa sallama da tsani. Duk abin da ma'aikatanka sunka lissafa na gyara ka sa su rubuta da farashi, ka haɗa da kuɗin lauya da na safiyo da na hatimi da na sa hannun gwamna, ka ɗora kan farashin banki sannan ka kwatanta da gidan da ke kasuwa lafiya lau a layin. Takardar nan ita za ka ajiye gaban manaja ka nemi ragi, kuma ka roƙa a rubuta cewa cikon kuɗi sai ranar da anka miƙa maka gida babu kowa ciki.