Masaƙar Cromford: yadda ruwa ya riƙa kaɗin auduga

Mutumin Gombe ya san auduga tun daga gona har zuwa injin gurza, shi ya sa har yau ake kiran wata unguwa a garin da sunan BCGA, kamfanin Turawan da ya riƙa saye da gurzar ta. Amma gurza raba auduga da angurya ce kawai. Kaɗin, wanda a nan aikin tsofaffi mata ne da mazari da alli, a Ingila aka fara ɗora shi kan inji. Wanda duk ya samu zuwa can, ya nemi ƙauyen Cromford a yankin Derbyshire. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Derby zuwa Matlock yana tsayawa a tashar garin.

Richard Arkwright ya gina masaƙar a 1771, shekara biyu bayan ya yi wa injinsa na kaɗi rajista. Kafin a shiga gini, a fara bin ruwan. Ba daga kogin Derwent ya ɗebo shi ba, duk da yana kusa. Ya haɗa wani rafi da ake kira Bonsall da magudanar da ke kwashe ruwa daga ramukan haƙar dalma. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da ɗumi, ba ya daskarewa da sanyi, kuma ba ya yankewa.

Lissafin ƙarfin ruwa ba wuya gare shi ba. Lita dubu a daƙiƙa ɗaya, idan ta faɗo daga tsayin mita ɗaya, tana ɗauke da kusan kilowat 9.8. Abin da wili, wato ƙaton gargaren da ruwa ke juyawa ya motsa injuna, zai kama daga ciki ya danganta da inda ruwan ya same shi. Injiniya John Smeaton ya gwada a 1759: wilin da ruwa ke tunkuɗa ta ƙasa yana kama wajen kashi 22 cikin ɗari, wanda ruwa ke zuba masa ta sama ya cika bokitansa kuwa ya haura kashi 60. Nauyin ruwan ne ke aikin, ba gudunsa ba. Wilin a hankali yake juyawa, sai giyoyi masu haƙora su ninka gudun, dogayen sanduna su kai shi kowane bene, bel ya sauke shi kan inji.

Inda ya kamata mai ziyara ya daɗe shi ne gaban injin kaɗin. Mai kaɗi da hannu abu biyu take yi lokaci guda: tana jan sutu yana sirancewa, mazari yana murɗa shi. Arkwright ya maye gurbin yatsunta da rola bibbiyu a jere. Na ƙasa masu zane-zane ne don su kama auduga, na sama an naɗe su da fata an rataya musu nauyi. Kowane biyu sun fi na bayansu gudu, don haka audugar tana miƙewa a tsakaninsu kafin ta isa mazari ya murɗa ta ya naɗe. Samfurin farko mazari huɗu ne, daga baya aka kai 96 a inji guda.

Dukan dabarar tana cikin tazarar rola. Dole ta ɗara tsawon silin audugar da kaɗan. In ta gaza, biyun gaba da na baya su riƙe sili ɗaya su tsinke shi. In ta yi yawa, gajerun silai su yi ta yawo babu mai riƙe su, zare ya fito wani wuri kauri wani wuri kamar zai rabu. Nauyin da ke kan rolar sama in ya yi kaɗan, auduga ta zame ba ta miƙu ba. Wannan ne dalilin da ya sa masu saye ke ja da audugar da aka gauraya iri-iri, ko a kasuwar Kumo ko a Liverpool. Zaren da injin ya bayar mai ƙarfi ne, ya isa zaren tsaye, ba irin abawa ba. Kafin nan masu saƙar auduga a Ingila da lilin, wato zaren wani tsiro mai kama da rama, suke yin tsayen.

Ruwa ma yana da nasa halin. In ya ragu, inji ya yi sanyi. In ambaliya ta zo, ruwan bayan wili ya taso ya riƙe shi, aiki ya tsaya alhali ga ruwa ko'ina. Gudu kuma in yana hawa da sauka, murɗin zare ba ya daidaita, shi ya sa ake tsare ƙofar ruwa. Ga busasshiyar iska, wadda ke sa sili ya yi ta tsinkewa. Duk wadda ta yi kaɗi da hunturu a Gombe ta san wannan. Ga gobara, domin ƙurar auduga da fitilar mai ba sa zama ɗaki ɗaya. Masaƙar Belper da ke kusa ta ƙone a 1803, aka sake gina ta a 1804 da ginshiƙan ƙarfe.

Wili ba ya gajiya, don haka mutane aka raba kashi biyu, na dare da na rana. Ƙofar masaƙar ana rufe ta ƙarfe shida, wanda ya makara ya yi asarar lada. Da yawan ma'aikatan yara ne, har da 'yan shekara bakwai. Layin gidajen da Arkwright ya gina musu a 1776, North Street, yana nan ana zaune a ciki.

Ruwan da ya ta da masaƙar shi ya kashe ta. Masu haƙar dalma sun tona wata magudana da ta fi zurfi, ruwan ya bi can, kaɗi ya tsaya cikin shekarun 1840. Daga baya wurin ya zama masana'antar launin fenti, sai a 1979 wata ƙungiya mai sunan Arkwright ta saye shi ta fara gyara, UNESCO kuma ta sa kwarin Derwent cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Mai son ganin ƙaton wili yana juyawa, da injuna suna aiki, sai ya ƙarasa Quarry Bank kusa da Manchester, wadda Samuel Greg ya gina a 1784 a bakin kogin Bollin.