Doguwar tafiyar ƙasa: a yanka ta kashi-kashi, ko a yi ta gaba ɗaya?

Jama'a, masu sha'awar taka duwatsun Alantika ko Mandara, na iyakar Kamaru da Najeriya, da ƙafa, ku duba wannan kafin ku ɗaura jaka.

A Amurka akwai hanyar Afalashiya, wata hanyar ƙafa mai bin duwatsu, kusan kilomita 3,500. Masu ɗaukarta a karo guda kan yi wata 5 zuwa 7, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ƙarshe. Jin ciwo da ƙarewar guzuri na cikin abubuwan da ke mayar da su gida. Ribarsu ita ce bayan 'yan makonni ƙafa ta saba.

Mai yanka ta kashi-kashi ba ya samun wannan. Duk zuwa sai jiki ya fara daga farko, ga kuɗin mota zuwa inda ya tsaya. Duk da haka, a ƙasarmu shi na fi ba wa gaskiya, saboda ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ga shi kana bukatar lita 4 zuwa 5 a yini, jaka kuma kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka. To ina za ka kai? Tsara kwana 3 ko 4, kowane zango ya faɗa garin da ke da rijiya. Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin. Zafin Afrilu a Garwa, arewacin Kamaru, yakan haura digiri 40.

Takalmi ya ɗan fi ƙafarka, domin tana kumbura, matsattse kuwa shi ke kawo bororo. Guzuri: ƙuli-ƙuli, dabino, garin rogo. Ɗauki ɗan jagora, gaida jauro, wato mai gari, ka tambayi halin tsaro, musamman wajen iyakar Najeriya.