Inda Aka Kwana a Renon Albasar Daji

'Yan uwa masu koyon renon tsirran daji, iri na albasar dajin nan ta gabashin Amurka ta Arewa, Allium tricoccum, wanda na binne a inuwar bishiyoyi tun Satumban bara waccan, sai a Afrilun bana ya nuna kai, kowane tsiro da ganye ɗaya siriri kamar silin ciyawa. Wannan jinkiri ɗabi'arsa ce, domin sai ya sami ɗumi da danshi yake fitar da saiwa, sannan sai sanyin hunturu ya ratsa shi kafin ganye ya fito, abin da kan ɗauki wata 6 zuwa 18. Saboda haka kada wanda ya ga fangalinsa shiru ya yi gaggawar tone shi. Ya ƙara masa ruɓaɓɓen ganye kawai, kada ƙasar ta bushe.

Manyan da na dasa kuwa sun buɗe ganye bibbiyu masu faɗi, amma makonni kaɗan suka yi, domin da zarar bishiyoyi sun rufe sama da ganye sai nasu ya yi rawaya ya kwanta. Bayan nan ne sandar fure ke fitowa ita kaɗai, wajen Yuni ko Yuli, da fararen furanni a dunƙule, waɗanda ke zama baƙaƙen ƙwayoyi masu sheƙi.

Daga iri zuwa girma shekara 5 zuwa 7 ne, shi ya sa masu tumɓuke albasar da saiwa don kai wa gidajen abinci suke ƙarar da ita a dazuzzuka. Lardin Kebek na Kanada ya haramta sayar da ita tun 1995, ya kuma taƙaita wa mutum kai 50 a shekara don amfanin gidansa, sannan gandun dajin Great Smoky Mountains na ƙasar Amurka ya hana ɗibarta a 2002. A ganina ko lawashinta ya ishi miya, tunda ƙamshin tafarnuwa da na albasa duk suna cikinsa, don haka ganye ɗaya nake yanka a jikin wadda ta ƙosa, in bar mata ɗayan.

Wanda zai nemi ta a daji ya murza ganyen ya sunsuna tukuna, domin akwai tsirrai masu dafi, irin su Veratrum viride, da ke fitowa lokaci guda da ita a wuri mai danshi, kuma ba su da warin albasa ko kaɗan.