Abin da Bibiyar Hasken Kwazar Ya Koya Mini a Jos

Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a Jos, kuma abin da ya ja ni ga kwazar mai suna 3C 273 shi ne nisanta. Haskenta ya yi tafiyar shekaru kimanin biliyan 2 kafin ya iso mu, amma madubin hangen nesa mai faɗin inci 8 yana nuna ta. Tana cikin rukunin taurarin Virgo, kuma daga Jos kusan ta tsakar ka take wucewa a dararen Maris da Afrilu.

Kwazar tsakiya ce ta wani dandazon taurari, inda baƙin rami, wato wuri mai ƙarfin jan da ko haske ba ya kuɓuce masa, ke haɗiyar iskar gas. Kafin gas ɗin ya faɗa, sai ya yi ta kewaye cikin faifai, ya yi zafi, ya haskaka fiye da duk taurarin da ke zagaye da shi. Baƙin ramin 3C 273 ya ninka nauyin rana sau ɗaruruwan miliyoyi. Maarten Schmidt ne ya gano nisanta a 1963, kuma a shekarar ne Harlan Smith da Dorrit Hoffleit suka duba tsofaffin hotunan sama na Harvard, suka ga ta daɗe tana ƙara haske tana ragewa. Wannan sauyin na so in gani da kaina.

Na fara ɗaukar hotonta da kyamara a bayan gari, wajen Dutsen Shere, nesa da fitilu. Nan na fahimci cewa sararin Jos ma yana da nasa sauyin. Daren da hazo ya sauko, kwazar ta dusashe. Daren da ya washe, ta dawo. Daga Afrilu kuma gajimare ya karɓe. Maganin abin shi ne kada ka auna ta ita kaɗai. Ka zaɓi taurari biyu ko uku da ke kusa da ita a hoton, waɗanda haskensu ba ya motsi, ka gwada ta da su. In duka suka dusashe tare, ƙura ce. Da na yi haka, yawancin sauyin da ke cikin hotunana ya ɓace. Hasken kwazar kansa yakan sauya da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ne a tsawon watanni ko shekaru, ba tare da wani tsayayyen lokaci ba, don haka rani guda ba ya isa.

Sai na koma ga bayanan da ke intanet kyauta. Shirin ZTF da ke Dutsen Palomar a Kalifoniya yana ɗaukar hoton sama tun 2018, ta matatar kore da ta ja. Na sauke ma'aunin wasu kwazar, na zana su a kwamfuta tare da ɗalibaina. Wata ɗaliba ce ta fara lura: "Malam, na koren ya fi na jan hawa da sauka." Gaskiyarta. Kwazar in ta ƙara haske, launinta yakan karkata ga shuɗi.

Tambayar da na fi so su riƙe ita ce ta girma. Abu ba zai iya sauya haskensa gaba ɗaya da sauri fiye da lokacin da haske zai ɗauka ya ratsa shi ba. In kwazar ta sauya cikin wata guda, to inda hasken ke fitowa bai wuce tafiyar haske ta wata guda ba, alhali tauraron da ya fi kusa da ranarmu ma ya haura shekara 4 na tafiyar haske.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen bakan haske, wato hasken da aka warware launi-launi. A rumbun binciken sama na Sloan na buɗe na wata kwazar mai suna J0159+0033, wadda Stephanie LaMassa da abokan aikinta suka bayyana a 2015. A bakan 2000 akwai faffaɗan layukan haidirojin, alamar gas da ke gudun dubban kilomita a daƙiƙa kusa da ramin. A na 2010 haske ya ragu kusan ninki 6, ɗaya daga faffaɗan layukan ya ɓace, ɗayan ya raunana. Siraran layukan kuwa suna nan yadda suke, domin daga gas mai nisa suke fitowa, labarin bai kai gare shi ba tukuna.

Dalilin dusashewar ɗayan biyu ne: ko dai an rufe fitila da ƙyalle, ko kananzir ya ja baya. Da yake hazo ya wahalar da ni, zuciyata ta fi karkata ga ƙura. Amma lissafinsu ya nuna gajimaren ƙurar da zai rufe wurin ba zai gifta cikin shekara 10 ba. Abincin ramin ne ya ragu. Wannan ne ya girgiza ni, domin lissafin da aka saba da shi yana cewa irin wannan faifai sai ya yi dubban shekaru kafin ya sauya haka.

Bana na raba wa ɗalibaina kwazar ɗai-ɗai. Kowa zai riƙa ƙara sabon ma'aunin tasa a littafi ɗaya, wanda zai gama makaranta kuma ya miƙa wa na bayansa.